Da Wane Mudu Ake Auna Yaro?

A ƙarshen kowane zangon karatu 'yan firamare sukan koma gida da takardar sakamako a hannu. A unguwar Fadaman Mada da ke garin Bauchi, kamar yadda yake a Yalwa da Wunti da sauran unguwanni, wannan 'yar takarda tana da iko fiye da girmanta. Da ita ake raba 'ya'yan gida ɗaya kashi biyu, a ce wannan yana da ƙwaƙwalwa, wancan kuwa daƙiƙi ne. Idan hali ya yi tsanani, kuɗin makaranta ya gagari uba, ita yake dubawa kafin ya yanke shawarar wanda zai ci gaba da karatu, da wanda za a kai gareji koyon kanikanci, da wadda za ta zauna gida tana yi wa uwa talla. Shi ma yaron yakan gaskata abin da takardar ta faɗa a kansa, wani lokaci har ƙarshen ransa. Tun da yake haka ne, ya wajaba a tambaya: mene ne ainihin abin da takardar take aunawa? Hankalin yaron, ko kuwa yawan Turancin da ya shiga kunnensa?

Wannan tambaya ta shafi gaskiya da adalci, saboda haka ba za a bar wa malaman makaranta ita su kaɗai ba. Littafi Mai Tsarki ya tsananta magana a kan ma'auni. A Littafin Firistoci 19, da Maimaitawar Shari'a 25, da Karin Magana 11, an nuna cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zamba, yana kuwa jin daɗin na gaskiya. Annabi Amos ma ya tsauta wa 'yan kasuwar zamaninsa saboda rage mudu. Kowane mai bi ya yarda cewa mai awon da ya buga gindin mudunsa ciki a kasuwar Muda Lawal ya yi zunubi, ko da abin da ya tauye bai wuce cikin tafin hannu na gero ba. To, in tauye gero zunubi ne, yaya tauye darajar yaron da aka halitta cikin kamannin Allah? Ga shi kuwa ikkilisiyoyi da yawa suna da makarantun reno da na firamare, wato mudun yana hannunsu.

Yaro mai harshe uku

Jihar Bauchi tana da ƙabilu fiye da 50. Akwai Gerawa, waɗanda daga cikinsu Malam Yakubu, Sarkin Bauchi na farko, ya fito. Akwai Zaar, da aka fi sani da Sayawa, a Tafawa Balewa da Bogoro. Akwai Jarawa a Dass da kewayenta, akwai Fulani da Bolawa da Karekare da Warjawa da Fa'awa da Zulawa da sauransu. Garin Bauchi, da yake shi ne babban birnin jiha tun 1976, ya tattaro dukansu, ya ƙara da Tangale da Waja daga Gombe, wadda ba ta rabu da Bauchi ba sai a 1996, da Angasawa daga Filato, da Yarbawa da Ibo da ciniki ko aikin gwamnati ya kawo. Duk waɗannan Hausa ce take haɗa su a kasuwa da tasha da bakin famfo.

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 6 a Fadaman Mada, mahaifinta mutumin Bogoro, mahaifiyarta 'yar Dass. Kakarta ta wajen uba tana yi mata magana da Sayanci, dangin uwa kuma da Jaranci. Iyayen su biyu da Hausa suke hira, da Hausa take wasa a ƙofar gida, da Hausa take raira waƙa a makarantar Lahadi. Ana aikenta shago da naira 500 ta dawo da canji daidai. Ta san kacici-kacici, ta iya ba ƙanenta tatsuniya daga farko har ƙarshe, ta san harshen da za ta gai da kowane babba. Duk wanda ya zauna da ita minti 10 ba zai kira ta daƙiƙiya ba. Amma ranar da ta shiga aji ɗaya, sai a ajiye dukan wannan dukiya a bakin ƙofa kamar takalmi, a fara yi mata magana da harshe na huɗu, wanda ba ta ji sai a talabijin ko a wayar yayanta.

Abin da yake faruwa a cikin aji

Karatu shi ne mutum ya haɗa alamun da ke kan takarda da sautin kalmomin da ya riga ya sani. Idan yarinyar nan ta haɗa baƙaƙe huɗu ta ji bakinta ya ce kaza, nan take za ta ga kazar gidansu a zuci, ta gane cewa ashe rubutu magana ce da aka ajiye. Daga ranar ƙofa ta buɗe. Rubutun boko na Hausa yana da sauƙi wajen haka, domin galibi yadda aka rubuta haka ake faɗa. Turanci kuwa, baƙi ɗaya yakan ba da sauti uku ko huɗu, wani ma a rubuta shi amma ba a furta shi. Wanda aka ce ya koyi karatu cikin harshen da bai ji ba an ɗora masa aiki biyu a lokaci guda, koyon baƙaƙe da koyon harshe, alhali Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu.

Yaro halitta ce mai dabara. In ya kasa ganewa sai ya koma hadda. Mai wucewa ta bayan taga zai ji aji duka yana amsawa da murya ɗaya, ya ɗauka karatu yana tafiya, alhali da za a ware yaro ɗaya a nuna masa kalma a wani shafi dabam, da ya yi shiru. Yakan kwafe abin da ke allo tsaf da kyakkyawan rubutu, ba tare da ya san abin da ya rubuta ba. Mafi muni, yakan daina tambaya, domin ba shi da kalmomin yin ta, in kuma ya yi da Hausa monita zai rubuta sunansa cikin masu yin banakula, a ci shi tara ko a ba shi bulala.

Ga kuma lissafi. A ce mata da Hausa, uwa ta sayo lemo 12 ta raba wa 'ya'yanta 3 daidai wa daida, kowa nawa zai samu? Kafin a rufe baki ta ba da amsa. A rubuta mata wannan tambaya da jimlolin Turanci, sai ta tsaya tana kallon 12 da 3, ba ta sani ba ko tarawa ake so ko ɗebewa, ta rubuta 15. Takardar sakamako za ta ce ta faɗi lissafi. Wannan shaidar zur ce, ko da ba wanda ya yi niyyar ƙarya, gama lissafinta lafiya lau yake, Turanci ne bai kai ba tukuna. Haka abin yake a kimiyya da ilimin zaman jama'a da ilimin addini: kowace jarrabawa ta koma jarrabawar Turanci, an dai sauya mata suna.

Wani masanin ilimi a Kanada, Jim Cummins, ya bincika yadda 'ya'yan baƙi suke koyon Turanci a can. Ya gano cewa cikin shekara 2 ko makamancin haka sukan iya hira, amma irin Turancin da ake bukata don fahimtar littattafan makaranta yakan ɗauke su shekara 5 zuwa 7. Wannan fa a ƙasar da Turanci ya kewaye yaro ke nan, a titi da shago da filin wasa. Yaya wanda ba ya jin sa sai a bakin malami, na 'yan sa'o'i a yini? Hukumar UNESCO ta ba da shawarar fara koyarwa da harshen uwa tun 1953, a 2016 kuma ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya ba sa samun ilimi cikin harshen da suke ji.

Akwai wani rashin adalci da ke ɓoye a nan. A aji ɗaya akwai ɗan babban ma'aikaci wanda ake Turanci a gidansu, akwai littattafan yara, akwai mai yi masa darasin yamma. Kusa da shi ga ɗan mai gadi. Ranar jarrabawa za a ba su takarda iri ɗaya a ce an yi adalci, alhali ɗaya gida aka yi masa tambaya, ɗaya kuwa a baƙunta. Littafin Mahukunta 12 ya ba da labarin yadda mutanen Gileyad suka tsare mashigan Urdun suna gwada Ifraimawa da furucin kalma ɗaya, har mutum 42,000 suka hallaka. Ba a zubar da jini a aji, amma har yanzu ana tsare yara a mashigi a gwada harshensu, a mai da waɗansu baya.

Abin da hukuma ta ce

Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977, aka kuma yi ta sabuntawa, ta tanadi cewa a fara koyar da 'yan firamare da harshen uwa ko harshen da ya fi yawa a wurin, Turanci yana matsayin darasi. Bugun 2004 ya fayyace cewa shekara 3 na farko ke nan, daga aji huɗu a shiga koyarwa da Turanci sannu a hankali. A watan Nuwamba na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da sabuwar manufar harshe wadda ta tsawaita wannan zuwa shekara 6 na firamare, ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ɗan Jihar Bauchi, shi ya sanar. Bayan shekara 3, a watan Nuwamba na 2025, minista Dakta Tunji Alausa ya sanar a Abuja cewa an soke ta, Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin reno har jami'a. Dalilin da ya bayar shi ne yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka fi dogara da harshen gida.

Damuwar ministan gaskiya ce, faɗuwar tana nan kowa yana gani. Sai dai ɗalibin da ya zauna WAEC a 2025 ya bar firamare tun wajen 2019, kafin a haifi manufar 2022, saboda haka ba ita ta kayar da shi ba. Ita ma tsohuwar manufar ta 1977 ta fi zama a takarda. Makarantun kuɗi sun yi watsi da ita tun da daɗewa, domin Turanci tun daga ajin reno shi ne hajar da suke sayarwa. A makarantun gwamnati da yawa kuwa, malami yakan yi bayani da Hausa har aji shida, amma littafi da allo da jarrabawa duk Turanci ne, ba a kuma zauna an koya wa yaro karanta Hausar yadda ya kamata ba. Ya tashi ba ga tsuntsu ba ga tarko. Ga kuma halin malaman kansu: a 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka sa. Ɗora wa harshen uwa laifin wannan duka ya yi kama da barin jaki a daki taiki.

Shaidar gwaji

An taɓa gwada abin a Nijeriya da kyau. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa na Jami'ar Ife ya fara wani gwaji a makarantar St. Stephen da ke Modakeke. Waɗansu yara an koyar da su kowane darasi da Yarbanci shekara 6, Turanci kuma ƙwararren malami yana koyar da shi a matsayin darasi. Waɗansu aka bi da su tsarin da aka saba, Yarbanci shekara 3, sannan Turanci. Da aka auna, 'yan rukunin farko sun fi fahimtar darussansu, kuma ba su gaza 'yan'uwansu a Turanci ba. Amma a lura, ba da baki kawai aka yi ba. An rubuta littattafan lissafi da kimiyya da Yarbanci, an ƙirƙiro kalmomi, an horar da malamai.

Bauchi ma tana da nata darasi. A 2011 da 2013 an auna karatun 'yan ƙananan azuzuwa a jihohin Bauchi da Sakkwato da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Amurka, aka tarar mafi yawansu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta gajeren labari, da Hausar ma. Wannan ya nuna cewa jin harshe kaɗai ba ya koya wa yaro karatu in ba littafi, ba malamin da ya san hanya. Shi ya sa daga baya aka shigo da shirin Mu Karanta a jihohin biyu, wanda ya ba 'yan aji ɗaya zuwa uku littattafan Hausa da jagorar malami, yana shigo da Turanci mataki mataki.

Akwai kuma shaidar da ke kwance a tsakiyar garin Bauchi, a hubbaren Sa Abubakar Tafawa Balewa. Mahaifinsa daga Gerawa yake. Makarantun elementare na En'e a zamaninsa da Hausa suke fara koyarwa, Turanci sai an ɗan yi nisa. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fito a 1933, ya dawo ya koyar a Midil ta Bauchi, ya rubuta littafin Shaihu Umar da Hausa. Shi ne kuma mutumin da Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, wanda ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960 ya yi magana da sunan Nijeriya. Gaskiya ne makarantun lokacin 'yan kaɗan suke ɗauka, amma misalinsa ya isa ya rushe zaton cewa wanda ya fara da Hausa ba zai ƙware a Turanci ba.

Hujjar iyaye

Iyayen da suka nace wa Turanci ba wawaye ba ne, ya kamata a saurare su da girmamawa. Sun san ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, sun san da shi ake rubuta takardar neman aiki, da shi ake shari'a a manyan kotuna, da shi ake yawancin abin da ke intanet. Da yawa daga cikinsu sun ga yadda makarantar mishan ta ɗauko ɗan manomi daga kan dutse ta mai da shi likita ko alƙali. Sun kuma lura cewa waɗansu masu yabon harshen uwa a taro 'ya'yansu suna makarantun da ba a jin ko kalmar Hausa. Uban da ya hana cikinsa don 'yarsa ta iya Turanci ƙauna ce ta sa shi.

Akwai hujja ta biyu wadda ba a cika faɗinta a fili ba. Ga Bazaar ko Bajari ko mutumin Tangale, in an ce harshen da ya fi yawa a wurin, Hausa ake nufi, Hausa kuwa ita ce take haɗiye harsunansu. Ajanci, harshen Ajawa na ƙasar Bauchi, ya mutu tun a farkon rabin ƙarni na 20, masu shi suka koma Hausa. Geranci ma yana ja da baya a bakin matasa. Saboda haka waɗansu suna ganin Turanci a matsayin harshen da ba na kowa ba, wanda yake sa kowa daidai. Wannan tsoro yana da tushe, ba daidai ba ne a yi masa dariya.

Amma a duba da kyau. Game da hujja ta farko, ba wanda ya ce a hana yaro Turanci. Gardamar a kan hanya take, ta ina aka fi saurin isa. Wanda ya iya karatu sau ɗaya ba ya sāke koyonsa daga farko, yakan ɗauki gwanintar ya shiga da ita sabon harshe, kamar yadda wanda ya iya keke ba ya shan wahalar babur. Game da ta biyu kuwa, Turancin aji bai taɓa ceton Sayanci ko Jaranci ba. A gida harshe yake rayuwa, a gida kuma yake mutuwa. Yaron da aka yi wa bulala saboda Hausa ya koyi cewa duk harshen da ba na Bature ba abin kunya ne, ba zai ware na kakarsa ya girmama ba. Ƙa'idar ita ce a fara da harshen da yaron yake ji da gaske. A ƙauyen Bogoro wannan yana iya zama Sayanci, a Fadaman Mada galibi Hausa ne, a 'yan gidaje kaɗan kuma Turancin ne. Aikin makaranta ne ta bincika, kada ta yi zato.

Abin da Maganar Allah ta nuna

Allah bai taɓa ɗaukar jin sauti a matsayin fahimta ba. A Nehemiya 8, sa'ad da Ezra ya karanta Shari'a, Lawiyawa suka bi suna bayyana ma'ana, jama'a kuma suka koma gida da murna domin sun gane. A ranar Fentikos, Ruhu Mai Tsarki bai tilasta wa taron su koyi harshe ɗaya ba, kowa ya ji bishara da harshen ƙasar haihuwarsa. Manzo Bulus, yana magana a kan baye-bayen Ruhu a 1 Korantiyawa 14, ya fifita kalmomi 5 da za su koya wa mutane wani abu a kan 10,000 da ba mai ganewa, ya kuma nuna cewa inda ba a jin juna mai magana da mai sauraro baƙi ne ga juna. Malami da ɗalibi da yawa haka suke, baƙin juna cikin ɗaki ɗaya. Markus kuma, ko da yake da Helenanci ya rubuta, ya adana ainihin kalmomin Aramiya da Ubangiji Yesu ya faɗa wa 'yar Yayirus mai shekara 12 sa'ad da ya tashe ta. Da harshen gida ya kira ta.

Littafin bai ƙi koyon harshen masu mulki ba. An koya wa Musa dukan hikimar Masarawa, amma a hannun mahaifiyarsa ya fara girma. Daniyel da abokansa sun yi shekara 3 suna koyon harshe da rubutun Kaldiyawa har suka yi fice, amma sun je Babila da tushensu a kafe. Bulus ya yi wa shugaban sojan Roma magana da Helenanci, ya juya ya yi wa taron Urushalima da harshensu, suka ƙara yin tsit. A kowane misali sabon harshe ƙari ne a kan na farko.

Ikkilisiya ta san wannan tun asali. 'Yan mishan na SIM da suka iso a 1893, da na SUM da suka sauka Wase a 1904, ba su jira mutane su iya Turanci kafin su yi musu wa'azi ba. Su ne suka zauna suka koyi harsunan ƙasa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, dubban manoma da matan aure suka koyi karatu a ajin yamma domin su karanta shi da kansu. Gaskiya ne cewa dogaro da Hausa a sujada ya taimaka wajen raunana ƙananan harsuna, abin da masu aikin fassara a Jos da sauran wurare suke ƙoƙarin gyarawa. Duk da haka abin mamaki ne a ce ikkilisiyar da take sa mai fassara kusa da mai wa'azi ran Lahadi don kada tsohuwa ta rasa kalma ɗaya, ita ce ran Litinin take cin jikar tsohuwar tara a makarantarta saboda ta yi tambaya da Hausa.

Hakkin da ke kan masu bi

Masu bi suna biyayya ga hukuma, makarantun ikkilisiya kuma za su bi abin da ma'aikatar ilimi ta tsara. Amma a cikin wannan akwai fili mai yawa na yin gaskiya. Ba laifi ba ne malami ya bayyana sabon abu da harshen da yaro yake ji, sannan ya ba shi sunansa da Turanci, ya sa shi ya maimaita har ya zauna. Ya kamata kwamitocin makarantu su soke tara da bulala a kan banakula, gama ba a taɓa dasa harshe da tsoro ya yi saiwa ba. Kafin a rubuta wa yaro faɗuwa ko a maimaita masa aji, a kira shi gefe a yi masa tambayoyin da baki cikin harshen da ya sani, domin a rarrabe wanda bai gane darasi ba da wanda bai gane Turanci ba, tun da maganinsu ba ɗaya ba ne. A nemi malamin da ya ƙware a Turanci a ba shi ƙananan azuzuwa, a biya shi hakkinsa a kan kari, maimakon a tura wanda ya fi rauni wurin da ake aza harsashi.

Makarantar Lahadi da zumuntar mata da ta matasa suna iya farfaɗo da ajin karatun Hausa da na harsunan gida a lokacin hutu, kamar yadda kakanni suka yi. Iyaye kuma su kwantar da hankali. Uwar da Turancinta bai nuna ba kada ta takura kanta tana yi wa 'ya'yanta guntu-guntu, ta hana su wadatar harshen da ta ƙware a kai. Tatsuniya da karin magana da addu'ar dare da Sayanci ko Jaranci ko Hausa suna gina hankalin da zai ɗauki Turanci gobe. Uba kuma, kafin ya cire yaro daga makaranta saboda jan biro a takarda, ya tambayi kansa ko an auna ɗan nasa da mudun gaskiya.

Ubangiji Yesu ya yi kashedi mai tsanani a Matiyu 18 ga duk wanda ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe, a Matiyu 7 kuma ya nuna cewa da mudun da mutum ya auna wa wani za a auna masa. Yaron da ya shigo aji da harshe uku Allah ya riga ya ba shi baiwa, abin da ya rage shi ne a ƙara masa na huɗu da haƙuri, kada a ƙwace ukun a kira shi matalauci. Ubangiji ya ba iyaye da malamai da shugabannin ikkilisiya hikimar riƙe wannan amana. Amin.